Kiyashin Bayan Rumbu

Butar Kaka na fara gani da muka sauka daga mota. Tana ƙofar zaure, cikin jerin butocin da aka ajiye wa masu zuwa gaisuwa. Ko daga nesa na gane ta, don ita kaɗai ce ta ƙarfe, kuma an ɗaure marfinta da waya. Wani mutum da ban sani ba ya sunkuya ya ɗauke ta, ya girgiza, ya ji ba ruwa, sai ya ajiye ya ɗauki ta roba. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin butar nan a bushe ba. A nan ne zuciyata ta yarda Kaka ya rasu, duk da tun jiya aka faɗa mana a Funtua.

An riga an kai shi makwancinsa kafin mu zo. Baba da Mama ne suke tare da shi a asibiti a Malumfashi. Sai washegari Baba ya koma ya ɗauko mu, ni da ƙannena, zuwa ƙauyenmu da ke bayan Ƙarfi. Allah Ya jiƙan Kaka, Ya sa ƙasa ta yi masa sauƙi. Na rubuta wannan ne don ƙannena ƙanana ne, kuma ina tsoron nan da 'yan shekaru ba za su tuna komai nasa ba sai hularsa.

Tsakar gida cike take da mata. Na durƙusa na gaida Iya, wato kakata, matarsa. Ta dafa kaina. Na samu gefen tabarma kusa da turmi na zauna, inda ba wanda zai kula da ni.

Mata suna shigowa rukuni-rukuni.

"Ya haƙuri, Iya?"

"Haƙuri sai godiya."

"Allah Ya jiƙan Malam. Ai mutum ne mai tsafta. Buta ba ta barin hannunsa, ko'ina ka gan shi yana riƙe da ita."

Wata tsohuwa mai goro a baki ta ce, "Sanyi ne ya ci shi. Sanyi in ya shiga mara ba ya fita."

Wata kuma ta matso kusa da ita ta rage murya, amma na ji ta. "Ni dai na ce akwai hannu. Mutum kamar bishiyar kuka, ya zube cikin wata nawa?"

Gwaggo, ƙanwar Baba, tana kuka tana share hanci da bakin mayafi. "Zumar da na aiko masa ma bai gama sha ba," in ji ta. "Galan guda, mai kyau, don ya riƙa haɗawa da maganin sanyin. Ga ta can a ɗakinsa."

Mama tana zaune a bayan Iya. Da Gwaggo ta ambaci zuma sai na ga ta rufe ido, ta daɗe ba ta buɗe ba.

Wajen la'asar wani tsoho ya yi sallama daga bakin ƙofa, bai shigo ba. Abokin Kaka ne, Bamaguje, gonarsu iyaka ɗaya tun suna samari. Iya ta ce in kai masa ruwa. Ya karɓa da hannu biyu, ya ɗaga murya don Iya ta ji.

"Matar abokina, sai haƙuri. Ni na ga abin tun damina. Kafin ya kai ƙarshen gona sau uku zai ajiye fartanya ya shiga cikin masara. Na ce masa, kai, tafi a duba ka, ga matar ɗanka likita a gidanka. Ya ce in rufe masa baki." Ya kurɓi ruwan. "Shekarar da rumbuna ya ƙone, da safe na tarar da damin dawa goma sha biyu a ƙofata. Na je in yi godiya, ya ce wai wurin ajiya ne ba shi da shi, in taimaka masa. Haka yake. Ba ya son a gan shi yana bayarwa, ba ya son a gan shi yana nema."

Ya miƙo min kofin, ya dube ni. "Ke ce Ido-ba-baki?"

Na ce eh.

Kaka ne ya sa min wannan suna. Ni ba mai magana ba ce, ko a makaranta sai an kira sunana sau biyu nake ɗaga kai. Gwaggo takan ce yarinyar nan a duba ta, ko kurma ce. Shi kuwa Kaka sai ya ce, "Ku bar min ita. Duk gidan nan baki ne, ido ɗaya Allah Ya ba mu." In na je hutu yakan tafi da ni gona, ya sa ni in riƙa juya ganyen masara ina neman ƙwan tsutsa. In na samo sai ya ɗaga ganyen sama kamar tuta, ya ce, "Kun gani? 'Yan birni ma akwai masu amfani." Masarar farko da za a gasa kowace shekara tawa ce, ko da akwai baƙi. In na ce ta yi zafi sai ya ce, "To ba ni abata, ragguwa," ya karɓe ya fifita min da hularsa.

Yana yawan cewa masara ba ta ƙarya, abin da ka ba ta shi za ta ba ka. Yana kuma cewa mai alwala ba ya gaggawa. Wannan na biyun abin alfaharinsa ne. Duk ƙauyen an san alwalar da ya yi ta azahar ita ke kai shi magariba, wani lokaci har isha'i. Shekara da shekaru wurinsa a masallaci bayan liman ne. Yana tsokanar tsofaffi sa'anninsa, in ya ga sun nufi randa ya ce, "Kun sake? Ku dai tulunku ya huje."

Tsakaninsa da Mama kuwa akwai kunya irin ta da. Mama ma'aikaciyar lafiya ce a Funtua, amma a gidan Kaka ita matar ɗansa ce kawai. Ba ta kama sunansa, ko wani mai irin sunan ba ta kira. In za ta gaishe shi daga bakin ƙofa take durƙusawa, shi kuma ya amsa yana kallon bango. Ba ya cin abinci a gabanta. In yana shigowa ya hango ta a tsakar gida sai ya koma zaure ya yi gyaran murya har ta shige ɗaki. Duk zuwan da za mu yi, Mama tana zuwa da 'yar na'urar gwajin suga a jakarta. Takan soki yatsar Iya da ta matan maƙwabta, ɗigon jini ɗaya, ta faɗa musu sakamako. Da zarar ta zuge jakar, Kaka zai ɗauki buzunsa ya fita.

Hutun damina na bara ne na fara ganin canji. Na tarar ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Kofin silba da yake shan ruwa da shi an canja shi da babban kwano. In Iya ta dama fura sai ya ce a ƙara sukari, wai bakinsa ɗaci yake. In mai rake ya wuce sai ya tsayar da shi. Sannan butar. Wata rana ina zaune ƙarƙashin darbejiya ina bitar littafi, na riƙa sa 'yar alama a gefen shafi duk lokacin da ya cika ta ya zagaya. Daga hantsi zuwa la'asar na yi alama goma sha ɗaya. A masallaci kuma, in na leƙa ta katanga, sai in gan shi a sahun ƙarshe, dab da ƙofa. Mutane suka fara cewa ya yi saɓani da liman.

Wani lokaci ba ya iya kaiwa banɗaki, sai ya tsaya bayan rumbu. Wata safiya Iya ta aike ni can in ɗebo kara, na ga ƙasar wurin ta yi baƙi da kiyashi, sun yi layi tun daga gindin katanga, kamar inda aka zubar da shayi. Na tsaya ina kallo. A zangon da ya wuce malamarmu ta kimiyya ta gaya mana cewa in suga ya yi yawa a jini, jiki yana fitar da shi ta fitsari, shi ya sa mai ciwon yake yawan fitsari da ƙishirwa yana ramewa, har kiyashi kan bi wurin. Na rubuta a jarrabawa, na ci.

Kwana biyu ina juya maganar a raina. Rana ta uku muna gona mu kaɗai na ce, "Kaka, akwai kiyashi a bayan rumbu."

Ya ce, "Kiyashi ai ko'ina akwai su."

"A inda kake tsayawa ne."

Ya ajiye fartanya. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kamar na kama shi da kayan wani. Can sai ya yi 'yar dariya. "Ido-ba-baki, yau bakin ya tsiro ke nan?"

Na ce, "Malamarmu ta ce ciwon suga ke sa haka. Mama tana da abin gwaji."

"Uwar taki?" Ya girgiza kai. "In zauna gaban matar ɗana in ce mata me? In ce mata ina jiƙa wando? Sanyi ne kawai, ina shan magani, gwaggonki ma za ta aiko da zuma." Ya matso ya kama kunnena a hankali, yadda yake yi in yana min wasa. "Abin da ido ya gani a gidan kaka, a gidan kaka yake kwana. Kin ji ko?"

Na ce na ji.

"Ki ce wallahi."

Na ce wallahi.

Mako guda bayan nan aka yi rigimar da har yanzu ake maganarta a danginmu. Ana ɗaurin auren 'yar Gwaggo a Kafur, kuma Kaka ne waliyyi. Baba ya zo da mota daga Funtua don ya ɗauke shi. Kaka ya yi wanka, ya sa babbar rigarsa mai ruwan ƙasa, ya fito har bakin mota. Sai ya hango Mama a kujerar baya. Ya tsaya. Ya dubi butarsa, ya dubi hanya, ya cire hula ya ce shi ba zai je ba, a wakilta Baffa, ƙanin Baba.

Baba ya ce, "Baba, me aka yi maka?"

"Ba a yi min komai ba."

"To mutane suna can suna jira. Jikarka ce fa."

"Na ce a wakilta ƙaninka. Ko ba ka ji ba?"

Baba ya daki murfin mota da tafin hannu. "Kullum haka! Masallaci ka koma baya, kasuwar Bakori ka daina zuwa, yanzu kuma wannan. In wani abu muka yi maka ka faɗa. Kana so a ce mun wulaƙanta ka ne?"

Kaka ya ce, "Ka iya ɗaga min murya yanzu. Madalla." Ya juya ya shige zaure.

Ina tsaye riƙe da ƙofar mota. Ni kaɗai na san dalili. Daga ƙauyenmu zuwa Kafur sai ya ce a tsaya sau biyu ko uku, ya sauka da buta a gefen titi, surukarsa tana zaune tana jira. Kalma biyar ta isa in faɗa wa Baba. Na buɗe baki, na tuna wallahin da na yi, na shiga mota na zauna. Wata biyu Baba bai taka ƙauye ba.

Sauran labarin a bakin Iya na ji. Bayan girbi kututturen masara ya soke shi a ƙafa, ƙaramin ciwo, amma ya ƙi warkewa. Da zafi ya shigo sai ya yanke shawarar rage shan ruwa, wai in bai sha ba ba zai fitar ba. Yana wuni leɓensa a bushe, sai dai ya lashi zuma da garin magani. Ranar Talata ya fara magana ba kan gado, yana kiran abokansa da suka daɗe da rasuwa. Kafin a samo mota ya daina gane mutane. A asibiti ne Mama ta kama hannunsa karo na farko a rayuwarta. Ta ce sugan ya hau har na'urar ta kasa nuna lamba. An sa masa ruwa, an yi masa allurai, likitoci sun yi iya yinsu. Kwana biyu ya yi.

Ranar sadakar uku, bayan an raba waina mutane sun ragu, na sami Mama ita kaɗai a ɗakin Iya tana ninke tabarmi. Na tsaya a bakin ƙofa har ta ɗago.

"Lafiya?"

Na ce, "Mama, na sani tun damina."

Na faɗa mata komai, da alamomin gefen littafi, da kiyashin, da rantsuwar. Ina jira ta mare ni, don da ta yi da na ji sauƙi. Sai ta zauna a kan tabarmin da ta ninke, ta jawo ni kusa da ita.

Ta ce, "Ke shekararki sha biyar. Ni fa? Ni ma ina da ido. Na ga ramar, na ga kwanon ruwan. Na ce wa babanki ya yi masa magana, ya ce tsufa ne. Na ce to, ba zan tsallake miji in tunkari suruki da zancen mararsa ba. Kullum a wurin aiki ina yi wa mutane faɗa kan ɓoye ciwo, ga shi a gidana na yi shiru."

Na tambaye ta ko da an gwada shi tun lokacin zai rayu.

Ta ce, "Rai na Allah ne. Amma ina da tsofaffin da suka fi shi shekaru, suna shan ƙwayarsu, sun rage zaƙi, suna zuwa gonarsu. Kuma ba kowane yawan fitsari ne suga ba. Wani ƙwayar cuta ce ta shiga mafitsara, kwana kaɗan na magani ta wuce. Maza in sun manyanta akwai wani ƙulli a ƙasan mafitsara da yake kumbura ya hana ta juyewa gaba ɗaya, sai mutum ya yi ta komawa, shi ma ana maganinsa. Wani maganin hawan jini ne yake sa shi, wani shayi ne ya yi masa yawa. Ba a sani sai an gwada jini da fitsari. Mu kuwa komai sanyi. A ba mai suga zuma, shi kuma ya hana kansa ruwa." Ta goge ido da bayan hannu. "Kada gwaggonki ta ji maganar zumar nan. Da zuciya ɗaya ta aiko."

Akwai sauran magana a bakina, kuma ita ce ta fi nauyi.

Ranar da Baba ya ɗauko mu daga Funtua, sau uku ya tsayar da mota kafin Ƙarfi. Na farko ya ce zai duba taya, amma bai ko kalli tayar ba. Ledar ruwa shida ya sha, na ga fankonsu a ƙasan kujera. Agogonsa da yake kama masa hannu yanzu yana zamewa har bayan hannu. Kwana biyun nan ina kallonsa ta ƙofar zaure. Ana tsakiyar addu'a zai miƙe ya ce wa na kusa da shi yana zuwa. Kuma butar ƙarfen nan yake ɗauka, shi ya sake cika ta.

Na faɗa wa Mama. Ba ta yi mamaki ba.

Ta ce, "Sau biyu ina yi masa magana. Ya ce shayi ne da zafin gari, wai shi ba majinyacina ba ne, in bar aikina a wurin aiki. Ɗan babansa ne."

Ni 'yar fari ce. Baba ba ya kiran sunana, sai dai ya ce "ke". Ban tuna ranar da muka yi magana ta wuce gaisuwa da kuɗin makaranta ba. In ya shigo falo nakan tashi, haka muka saba, kuma ban taɓa jin ciwon hakan ba sai ranar. Na dubi jakar Mama a rataye jikin ƙusa. Ta bi idona da kallo. Ba ta ce in ɗauka ba, ba ta kuma hana ni ba.

Na same shi bayan la'asar a ƙarƙashin darbejiya, a kan buzun Kaka, shi kaɗai. Butar tana gefensa, ƙasan da ke ƙarƙashinta a jiƙe. Na durƙusa nesa kaɗan. Na'urar Mama tana hannuna a cikin 'yar jakarta.

Ya ce, "Ke, mene ne?"

Na ce, "Baba, ranar ɗaurin auren Kafur, ba fushi Kaka yake da kai ba. Kunyar Mama yake ji, kada ya ce a tsaya a hanya. Na sani, ya sa ni na rantse, ban faɗa ba."

Baba ya daɗe yana kallona. Ya juya ya dubi zauren da Kaka ya shige ranar, sannan ya dubi abin da ke hannuna.

Na ajiye na'urar a bakin buzun, na tura ta gabansa.

Na ce, "Yau sau tara ka cika butar nan, na ƙirga. Baba, don Allah, don darajar Kaka, ka bari in kira Mama ta gwada ka yanzu."